Hoto Ya Ce Da Sauƙi, Fitsari Ya Ce Guringuntsi Na Narkewa: Labarin Wata Mai Ciwon Ƙugu

Akwai wata mara lafiya da na bi kusan shekara biyu, har yau in na ga tsohuwa ta shigo ɗakin duba marasa lafiya tana ɗingishi ta dafe matsematsinta sai ta faɗo min a rai. Na cire suna da duk abinda zai sa a gane ta. Abinda nake so na rubuta shi ne yadda fitsarinta ya faɗa mana gaskiya tun da wuri, hoton ƙashi kuma ya ce ba wani abin tashin hankali, mu kuma muka bi hoton saboda shi muka saba gani da idonmu.

Shekarunta 68 ranar da ta fara zuwa, 'yarta ce ta kawo ta. Ciwon ya yi kamar wata biyu, a ƙugun hagu, kuma ba faɗuwa ta yi ba, ba ta ɗauki wani kaya mai nauyi ba, haka nan kawai ya fara. Nace mata, Mama nuna min daidai inda yake miki ciwon. Bata nuna baya ba, bata nuna ɗuwawu ba, sai ta buɗe babban yatsa da manuni ta kama gefen ƙugun, yatsa ɗaya ta gaba cikin matsematsi ɗaya ta baya, tace "likita a ciki yake, can ciki, kamar ana murɗa min ƙusa, kuma yana saukowa har gwiwa." Duk wanda ya daɗe yana duba ƙashi ya san wannan kamun, in mutum ya kama haka to gaɓar ce da kanta ba tsokar baya ba. Saka takalmi ya fara gagarar ta, yanke farcen ƙafa sai 'yar ta yi mata, matakala kuma sai da ƙafar dama take fara hawa sannan ta jawo ta hagun. Abinda ya tsaya min shi ne ciwon dare, tace ko a kwance take yana tashin ta. Zaizayar gaɓa ta yau da kullum, wato cinyewar guringuntsin gaɓa a hankali, ciwon motsi ce, in an huta yakan lafa, musamman a farkon ta.

Da na kwantar da ita na lanƙwasa gwiwar na juya ƙafar ta ciki sai ta riƙe hannuna tun ban je ko'ina ba. Babu zazzaɓi, bata rame ba, ba sikila ba ce, bata taɓa shan maganin sitiroyid na dogon lokaci ba, bata shan barasa, waɗannan duk na tambaya ne saboda mutuwar kan ƙashin cinya da ke zuwa in jini ya daina kai masa. Yatsun hannunta akwai ƴan ƙulle-ƙullen nan na gaɓar ƙarshe, gwiwoyinta biyu kuma suna ƙara in an motsa su, ta daina al'ada tun tana kusan 50. Ku riƙe waɗannan ukun, don su ne suka ruɗe ni daga baya. Gwajin jini na yau da kullum bai nuna wani abu ba, fararen ƙwayoyin jini daidai, CRP, wato alamar kumburi a jini, ya ɗan ɗaga kaɗan, gwajin rumatoyid, ciwon gaɓa da garkuwar jiki ke kawowa, babu. Hoton ƙashi kuma a tsaye aka ɗauka, tazarar gaɓar hagu ta ɗan fi milimita 3, ta dama kusan 4, ƙahonnin ƙashin da kan fito a gefen tsohuwar gaɓa ma kusan babu su. A ma'aunin Kellgren da Lawrence na tsananin zaizaya a hoto, wanda ake amfani da shi tun 1957 daga mataki 0 zuwa 4, na sa ta tsakanin 1 da 2. Wato hoton mutum ne da ya kamata ace yana ɗan jin tsami da yamma, ba mai riƙe hannun likita ba.

Sai na ɗan yi bayanin guringuntsi anan don in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai shiga ba. Shi dai wani farin abu ne mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashin cinya da kuma cikin ƙoƙon ƙugu inda kan yake zama, kaurinsa a nan bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba a kowane ɓangare. Mafi yawansa ruwa ne, kashi 65 zuwa 80 cikin 100. Abinda ya riƙe ruwan abu biyu ne, raga ta zaren kolajin nau'i na 2, da wani sinadari mai tsotson ruwa kamar soso da ake kira agirikan wanda yake cushe a cikin ragar, in ka taka ƙafa ruwan ya matse ya fita, in ka ɗaga ya koma. Babu jijiyar jini a cikinsa, babu jijiyar jin ciwo, ƙwayoyin rai da ke kula da shi ƴan kaɗan ne a warwatse. Shi ya sa yake iya cinyewa shekara da shekaru mutum bai sani ba, sai ƙashin da ke ƙarƙashi da rigar gaɓar, wato siririyar fatar da ta lulluɓe cikin gaɓar, sun fara jin jiki sannan ciwo ya zo. Kuma kolajin ɗin babban mutum kusan ba a sabunta shi, an ƙiyasta rabin rayuwarsa ya haura shekara 100, kaga ke nan wanda ka gama girma da shi da shi za ka tsufa, in raga ta yage ba ta ɗinkuwa kamar da.

Hoton ƙashi baya ganin guringuntsi ko kaɗan. Wannan baƙin filin da muke aunawa tsakanin ƙashi da ƙashi muna cewa tazarar gaɓa, inuwar wurin da guringuntsin yake ne kawai. Sai ya riga ya tafi sannan tazarar ta matse. To hoto labarin jiya yake ba ka, abinda aka riga aka yi asara, baya faɗa maka ko yau ɗin nan ɓarnar ta tsaya ko gudu take yi.

Nan ne maganar alamomin sinadari ta shigo. In gaɓa ta fara lalacewa, ƙwayoyin guringuntsin da na rigar gaɓa suna sakin wasu enzayim masu aiki kamar almakashi, ADAMTS-4 da ADAMTS-5 su yanke agirikan, MMP-13 da ƴan uwansa su yanke kolajin, shi MMP-13 wuri ɗaya yake saran igiyar kolajin mai tufka uku ya raba ta gida biyu, ɗaya kashi uku cikin huɗu ɗaya kashi ɗaya cikin huɗu, daga nan ta warware sauran enzayim su ƙarasa ta. Gutsattsarin nan ba ɓacewa suke ba, suna faɗawa ruwan gaɓa, su bi hanyar ruwan jiki su shiga jini, wasu ƙoda ta tace su su fita a fitsari. In ka iya kama su ka ƙirga to ka samu wata hanya ta jin saurin ɓarnar tun kafin hoto ya nuna. Wanda aka fi yin aiki a kai shi ne CTX-II, ɗan guntun wutsiyar kolajin nau'i na 2, a fitsari ake auna shi kuma dole a raba shi da kiriyatinin na fitsarin, wani dattin jiki da ƙoda ke fitarwa, don kada yawan ruwan da mutum ya sha ya ɓata lissafi. Sai COMP a jini, wani furotin mai hannu biyar da ke ɗaure zaren kolajin da juna, wanda ƙungiyar Dick Heinegård ta bayyana a Lund ta ƙasar Suwidin a 1992. Sai hayaluronik asid a jini, shi ba guringuntsi yake nunawa kai tsaye ba, kumburin rigar gaɓa yake nunawa. Akwai wasu, C2C da Coll2-1 da Helix-II duk gutsattsarin kolajin ne, PIIANP kuma akasin su ne, shi gini yake nunawa ba rushewa ba, sai MMP-3 wanda shi almakashin ne da kansa ake aunawa.

Waɗannan ba gwaje-gwajen da za ka rubuta a takarda kace a je a yi a kawo sakamako gobe ba ne. Kayan bincike ne. A lokacin abokin aikina na lab yana tara samfurin masu ciwon ƙugu da suka yarda, yana ajiye su a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, sai sun taru ya buɗe faranti ɗaya na ELISA, wato farantin gwaji mai ramuka da yawa da ake auna sinadarai a ciki, ya yi su gaba ɗaya don kit ɗin baya jure buɗewa da rufewa. Na yi wa Mama da 'yarta bayani suka yarda. Ya ce ta zo da safe bata ci komai ba, kada ta yi doguwar tafiya kafin ta zo, ta zauna rabin awa kafin a ja jini, fitsari kuma na biyu na safe ba na farko ba. Ba tsirfa ba ce, kowanne da dalilinsa. COMP yana tashi a jini bayan tafiyar minti 30 kacal ko ga mai lafiya, hayaluronik asid yana tashi in mutum ya tashi daga barci ya fara motsi da kuma bayan cin abinci, CTX-II ma yana da nasa hawa da sauka tsakanin safe da yamma. In ka ɗauki na wannan da ƙarfe 8 na wancan da ƙarfe 2 to ba abu ɗaya kake gwadawa ba.

Ni kuma na yi abinda aka saba, na ba ta maganin rage zafi da kumburi bayan na duba ƙodarta, na tura ta fisiyo, nace ta riƙe sanda a hannun dama tunda ƙafar hagu ce ke ciwo, na ba ta wata shida ta dawo.

Sakamakon ya fito bayan kamar sati bakwai. Abokin nawa da kansa ya hawo sama da takardar, abinda bai saba yi ba, yace wannan matar taka wace ce, CTX-II ɗinta shi ne mafi yawa a duk farantin, har sai da ya tsarma samfurin ya sake yi don ya wuce layin ma'auninsa, hayaluronik asid ɗinta ma yana cikin na sama, MMP-3 ya ɗaga, COMP ne kawai ya ɗan haura ba sosai ba. Na jawo hotonta na nuna masa nace kalli, tazara tana nan. Sannan na jero masa dalilaina, kuma har yau ban ce dalilan ƙarya ba ne. CTX-II na fitsari bashi da adireshi, jimillar duk guringuntsin jiki ne, wannan matar gwiwoyinta biyu suna da zaizaya, yatsunta suna da ita, ƙila faifan ƙashin bayanta ma, kowanne yana zuba nasa kason a fitsari ɗaya. Mace ce da ta daina al'ada, an san CTX-II yana hawa bayan daina al'ada, kamar yadda yake da yawa a yara da matasa saboda guringuntsin girma bai rufe ba. Sannan wani kaso nasa daga mahaɗar guringuntsi da ƙashi yake fitowa, inda ƙwayoyin cin ƙashi suke aiki, don haka yana iya bin yanayin ƙashi ba guringuntsi kaɗai ba. Har na kawo masa gwajin da aka yi da maganin ƙarfafa ƙashi mai suna risedronate a kan mutum sama da 2,400 masu zaizayar gwiwa, wanda aka wallafa a 2006, maganin ya sauke CTX-II sosai amma bayan shekara biyu hoton gwiwa da ciwon basu bambanta da na waɗanda basu sha ba. Nace kaga lamba tana iya motsi gaɓa bata motsa ba.

Shi kuma yace duk ya ji, amma cikin farantin akwai tsofaffin mata da yawa masu gwiwa da yatsu irin nata, me ya sa ita kaɗai ta fita daban. Kuma ya tuna min da abinda aka gani a Rotadam ta ƙasar Holan, aikin da aka wallafa a 2004 a kan mutum 1,235 ƴan shekara 55 zuwa sama, waɗanda CTX-II ɗinsu yake cikin kashi ɗaya cikin huɗu na sama haɗarin ciwon ƙugunsu ya ci gaba a hoto ya ninka sau 8.4 in aka gwada da na ƙasa, na gwiwa kuma sau 6. Da na Faransa mai suna ECHODIAH da aka bi masu zaizayar ƙugu shekara uku, inda waɗanda CTX-II na fitsari da hayaluronik asid na jini duka biyun suke cikin kashi ɗaya cikin uku na sama haɗarinsu ya kai kusan ninki 3.7. Matar nan duka biyun take da su. Nace wannan lissafin taron jama'a ne, baya yanke hukunci a kan mutum ɗaya, kuma gaskiya ne wannan ma. Abinda ban yi ba, kuma shi ne ya fi komai sauƙi, shi ne in ɗauki waya in ce ta dawo a sake hoto. Na bar ta a kan wata shidan da na rubuta.

Bata zo a wata na shida ba, sai a na bakwai, a keken guragu. 'Yar tace ciwon ya yi tsanani a wata na uku sun je wani wuri an yi mata allurar sitiroyid a cikin gaɓar, ta samu sauƙi kamar sati uku har ta ajiye sanda, daga nan abu ya dawo ya fi da. Mama tace min "ɗana ƙafar nan ta gajarce, ni na sani, zanina ma ya nuna min." Na auna daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, ta hagu ta gaza ta dama da kusan santimita 2. Hoton da aka ɗauka ranar na daɗe ina kallonsa gefe da gefe da na farko. Tazara babu ita sam, ƙashi a kan ƙashi, kan ƙashin cinya da yake zagaye kamar ƙwallo ya baje ta sama kamar an sare shi, rufin ƙoƙon ma ya fara cinyewa, kuma duk da wannan ɓarnar ƙahonnin gefe har yanzu kusan babu. Jiki bai ma samu lokacin yin gyaran da ya saba yi ba.

Wannan shi ake kira zaizayar ƙugu mai saurin rushewa. Likitan Faransa Michel Lequesne ya ba ta ma'auni a 1970, tazarar gaɓa ta ragu da fiye da milimita 2 a shekara, ko rabin tazarar ya tafi cikin shekara ɗaya. Tata ta tafi gaba ɗaya cikin wata bakwai. An fi ganin ta a mata tsofaffi, yawanci ƙugu ɗaya, ciwo mai tsanani da hoton farko mai kama da lafiya, wato duk siffar Mama tun ranar farko. Kuma tun 2003 ƙungiyar Patrick Garnero a Faransa ta nuna CTX-II na fitsari ya fi yawa a masu irin wannan mai saurin fiye da masu zaizayar da ke tafiya a hankali, a Japan kuma an samu MMP-3 da MMP-9 sun ɗaga a jininsu.

Amma ba a sa wannan sunan sai an kore abubuwan da suka fi shi haɗari, don ƙwayar cuta ma haka take cin gaɓa, balle an soka allura a ciki. Mun zuƙo ruwan gaɓar, ya fito da ɗan jini-jini, aka shuka shi a lab don neman ƙwayar cuta ba abinda ya tsiro, gwajin tarin fuka babu, ƙwayoyin ruwan basu kai na gaɓa mai ruɓa ba, ba a ga lu'ulu'un gishirin da ke kawo gawut ba. Jijiyoyin ƙafarta suna ji daidai, ba ta da ciwon suga, don haka ba irin gaɓar da ke rushewa saboda rashin jin ciwo ba ce. MRI ya nuna ruwa ya cika gaɓar, rigar ta yi kauri, ɓargon kan ƙashin ya jiƙe har wuya, ga wani siririn layin karaya a ƙarƙashin inda guringuntsi yake da, irin karayar da ke samun ƙashi mai rauni ba tare da faɗuwa ba. Wannan layin ya dame ni, saboda da an yi MRI a wata na biyu akwai yiwuwar a ga ruwan da jiƙewar ɓargon tun kan bai baje ba. Game da allurar, na faɗa wa 'yar abinda na yarda da shi, an ruwaito gaɓar ƙugu tana saurin lalacewa a wasu mutane bayan allurar sitiroyid, amma samfurin mahaifiyarta an ɗauke shi wata uku kafin allurar kuma tun lokacin ya nuna ɓarnar ta riga ta kama gudu, kada ta ɗora wa kanta laifin kai ta. Kuka ta yi a wurin, ashe wata huɗu tana ɗauke da wannan a ranta.

Mun sake ɗaukar samfur kafin tiyata, a irin lokacin da irin sharaɗin. CTX-II yana nan sama amma bai kai na farko ba, COMP kusan inda yake. Wani zai ga lamba ta sauka yace an samu sauƙi, alhali a nan saukar tana nufin abin narkewar ne ya kusa ƙarewa, guringuntsin da zai ba da gutsattsarin ya riga ya tafi. Wannan ya sa nake cewa lambar ita kaɗai ba tare da hoto da hannun likita ba tana iya kai mutum gabas alhali yamma zai je.

An yi mata canjin ƙugu gaba ɗaya, irin aikin da John Charnley ya kafa a Ingila a shekarun 1960, sai dai nata ya fi na yau da kullum wahala don sai da aka cike ramin da ya samu a rufin ƙoƙon da ƙashinta kafin kofin sabuwar gaɓar ya zauna, kuma ta zubar da jini fiye da yadda aka saba. Ina ɗakin lokacin da aka ciro kan ƙashin aka ajiye a kwano. Na ɗauka na juya shi. Rabin saman babu shi, abinda ya rage ƙashi ne tsirara mai kaushi, jajaye-jajaye, guringuntsi sai ɗan zobe a can ƙasa inda nauyi baya sauka, rawaya, laushi kamar jiƙaƙƙen kwali, da na taɓa shi da ƙarfe sai ya ɓare. A cikin rigar gaɓar kuma ga ƴan ɓarɓashin ƙashi da guringuntsi sun nutse kamar tsakuwa a laka. Abinda abokina ya auna a fitsari wata bakwai baya ke nan nake gani a tafin hannuna. Masu duba nama sun tabbatar babu ƙwayar cuta, babu daji, ba kuma irin mutuwar ƙashin da rashin jini ke farawa ba ce, sai tarin ƙwayoyin cin ƙashi a wurin.

Ta tashi da kyau. Kwana biyu ta tsaya da abin dogarawa, sati shida tana tafiya da sanda, tsawon ƙafar ya dawo kusan daidai. Wata shida bayan aikin muka ɗauki samfur na uku, CTX-II ya sauka sosai ya dawo tsakiyar na sa'o'inta, hayaluronik asid ma ya sauka, amma ko ɗaya bai koma irin na mai lafiyayyun gaɓoɓi ba. Wannan ragowar ita ce kason gwiwoyi da yatsu da nake ta faɗa. Kenan ni da abokina kowa da gaskiyarsa, gwiwoyin suna zuba nasu, amma tulin da ya sa lambar ta fita daga layi daga ƙugu ɗaya yake zuwa, an cire ƙugun tulin ya tafi.

Bana cikin masu cewa a fara yi wa duk mai ciwon ƙugu wannan gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 528 ne ke da zaizayar gaɓa a 2019, mafi yawansu labarin ciwon da duba jiki sun isa a gane abinda ke damunsu, ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ma cewa take mai shekara 45 zuwa sama da ciwon gaɓa na motsi, wanda sandarewar safe bata wuce masa minti 30 ba, ko hoto ba dole ba ne. Kit na kamfani ɗaya baya ba da lamba ɗaya da na wani, ciwon hanta yana ɗaga hayaluronik asid don hanta ce ke share shi daga jini, ciwon ƙoda yana taɓa lissafin fitsari, maganin ƙarfafa ƙashi yana sauke CTX-II, COMP yana fitowa daga jijiya da rigar gaɓa ma ba guringuntsi kaɗai ba. Masana sun tsara a 2006 cewa a riƙa raba alamomin nan gwargwadon aikin da kowanne zai iya, wani na gano cuta, wani na auna nauyinta, wani na hasashen inda za ta, wani na duba ko magani na aiki, kuma a ganina kuskuren da na yi a kan wannan rabon yake. Na tambayi CTX-II ko zai gano min cutar ya nuna min gaɓar, da ya kasa sai na ajiye shi gaba ɗaya, alhali ƙarfinsa a hasashe yake. Bai isa ya sa a yanka mutum ba, amma ya isa ya rage wata shida ya koma sati shida.

Da na kira ta a lokacin inaga ba lallai a ceci guringuntsin ba, har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da zaizayar gaɓa. Amma da an hana ta ɗora nauyi a ƙafar, da ba a yi allurar a makance ba, da an yi tiyatar tun rufin ƙoƙon yana nan lafiya, da kuma bata yi wata huɗu tana kwana a zaune ba. Yanzu ko babu wani gwajin sinadari, in tsohuwa ta zo da ciwon matsematsi mai tada ta da dare kuma hoton bai kai ciwon ba, ina sake hoto cikin sati shida zuwa wata uku, in da hali MRI tun farko, kuma ina faɗa wa ƴan uwanta da baki cewa in ta ce ƙafa ta gajarce ko ciwon ya canza kada su jira ranar da ke kan kati.

Zuwanta na ƙarshe da ƙafarta ta shigo, sandar a hannu amma bata dogara da ita ba. Muna cikin magana tace ƙugun dama ya fara ɗan yi mata tsami in ta daɗe a tsaye, ba kamar wancan ba dai, kuma baya tada ta da dare. Na juya ƙafar ta ciki, ta tafi sosai kafin ta yamutsa fuska. An ɗauki hoto a tsaye ranar, tazarar tana nan kusan yadda take a hoton farko. Na rubuta ta zo da safe bata ci komai ba a ɗauki jini da fitsari na biyu, na kira abokina nace kada wannan ya jira faranti ya cika, sannan na sa mata ranar dawowa bayan wata uku, 'yar ta shigar da ita a wayarta a gabana.